Lemun Talatu na Cikin Duro

Duk wanda ya san Talatu, matar Malam Ɗalha malamin gona, to da rabin duro ya san ta. Bishiya ce a cikin duron, lemun tsami, tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum ba, amma ya fi wasu fatake yawo a ƙasar Gumel. Duk garin da aiki ya jefa Malam Ɗalha, sai an loda gado da tukwane a akori-kura, sannan ƙarti su yi nishi su ɗora duron daga baya, Talatu na tsaye tana cewa a bi a hankali. Ita ba ta shiga gaban mota. A baya take zama, ta rungume duron, ganye na marin fuskarta har a isa.

A wani ƙauye aka haife ta, can gefen Sule Tankarkar, a gidan da ke da lemun tsami guda a bakin makwararar ruwa. Innarta ce ta raine shi da ruwan wanke-wanke. Shekarar da Inna ta kwanta ciwon ajali, Talatu ta je jinya, da za ta dawo tsohuwar ta ƙulle mata lemo kaɗan a bakin zane. Ta matse su a kunu, ta watsa 'ya'yan a wani fasasshen kwano, ba da wata niyya ba. Kafin a yi sadakar arba'in ɗin Inna, ɗaya ya tsiro. Daga baya 'yan'uwanta maza suka raba gida, suka sare uwar bishiyar suka gina shago a wajen. Abin da ya rage wa Talatu na gidansu ke nan, ɗan tsiron nan, kuma tana son sa irin son da ita kanta take jin kunyar faɗa.

Mai tambaya zai ce, to me ya hana ta dasa shi a ƙasa ta huta? Baƙo ne kawai zai yi wannan tambayar. A wajenmu, ƙasar da ba taka ba, ka shuka mata gero, ka shuka wake da yakuwa, abin da damina ɗaya za ta kawo rani ya kwashe. Amma itace ba a dasa shi a gonar aro, ba a dasa shi a gidan haya. Itace yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, wata rana jikoki su taso su ce ai kakanmu ne ya dasa, daga nan sai gaban alƙali. Talatu kuwa tun da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa zaman aure a gidan da ba na haya ba. Mijinta ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa mutane yadda za su gyara gonakinsu, shi ko fegi bai mallaka ba. Sai lemo ya tashi daga kwano ya koma bokiti, daga bokiti ya koma rabin duro, ya tsaya nan.

Sun zauna a Gagarawa, sun koma Sule Tankarkar, amma Maigatari ce ta fi cin shekarunsu. Gidan da suka kama a can yana bakin titi. Tun asuba tireloli ke gurnani suna jiran a buɗe musu hanyar Nijar, babura na ratsawa kamar an tashi gidan rina, ranar kasuwa kuma ga kukan shanu ga ihun dillalai. Hayaƙi yakan kwanta a ganyen lemon har ya yi baƙi. Da hantsi Talatu takan jiƙa tsumma ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Alwalarta ma a bakin duron take yi, don kada ruwan ya tafi a banza. Malam Ɗalha yakan ce, "Talatu, ga autarki can tana jin ƙishirwa." Ita kuma ta ce, "Ai ta fi ka godiya, Malam."

A lokacin gogar ganyen nan ne take tafiya. Jikinta na Maigatari, ranta na wata unguwa a Gumel da ta taɓa ratsawa sau ɗaya a mota, za su biki. Darbejiya ce jere a layin, ta dama da ta hagu sun haɗa kai a sama, rana sai dai ta leƙo ta ɗiga a ƙasa. Mangwaro ya leƙo ta saman katangu. Ba ta ga kowa ba sai wani tsoho a kan tabarma da butarsa, kuma ta rantse har cikin motar ta ji kukan kurciya. Shekaru tana gina gida a layin nan cikin ranta. Ta sa masa ƙofa shuɗiya, ta canza ta koma koriya. Ta share tsakar gidan, ta yayyafa ruwa, ta ajiye duron a kusurwar gabas. Wani lokaci har sai tuwo ya kama a tukunya sannan ta dawo.

Da Malam Ɗalha ya yi ritaya, 'ya'yansu da suka watsu a garuruwa suka tambaye su inda suke son zama. Talatu ba ta bari ya buɗe baki ba, ta ce Gumel, layin nan mai darbejiya. Aka bi layin nan gida-gida har aka dace da wani mai ɗaki biyu da ɗan fili, na wani dattijo, Alhaji Ɗantsoho, tsohon ɗan kasuwar hatsi. Ƙofar ba shuɗiya ba ce, ba kuma koriya ba, fentinta ma ya gama zubewa. Talatu ta ce haka ta fi kyau.

Ranar tarewa Alhaji Ɗantsoho ya zo da kansa, yana dogara sanda. Mutum ne mai fara'a, sai dai yana da miki guda da kowa a unguwar ya sani: mahaifinsa ya taɓa ba wani aron gona, mutumin ya raini tsamiya a ciki, bayan rasuwarsu duka 'ya'yan mai aro suka riƙe gonar da hujjar tsamiyar. Ya ce, "Malam, ku zauna kamar gidanku. Abu ɗaya na roƙe ku, ko tsinke kada a dasa mini." Sai idonsa ya faɗa kan duron da ake saukewa. "Wannan fa?"

Malam Ɗalha ya yi dariya ya ce, "Ɗan haya ne irinmu, Alhaji. Da ƙasarsa yake yawo."

Gaskiyar magana, lemon ya zo Gumel a gajiye. Saiwa ta cika duron ta rasa inda za ta, ganye ya yi rawaya, rabon da ya yi 'ya'ya har an manta. Talatu ta ajiye shi a kusurwar gabas, kan ƙasa, kamar yadda ta daɗe tana yi a ranta.

Sai kwanaki suka shiga tafiya a hankali. Da farko shirun ya hana ta sakewa, takan tsaya da tsintsiya a hannu tana jiran ƙahon mota da ba zai zo ba. Daga baya kunnenta ya buɗe. Ta fara jin faɗuwar 'ya'yan darbejiya a kan kwanon rufi, da tafiyar ƙadangare cikin busasshen ganye, da kiran sallar wani masallaci mai nisa da iska ke kawowa guntu-guntu. Da azahar inuwar maƙwabta takan tsallako katanga ta kwanta a tsakar gidanta, ita ma ta shimfiɗa tabarma ta kwanta kusa da duron. Ba barci take ba, ba kuma ido biyu ba. Wani lokaci sai ta ji kamar Inna na daka a bayan ɗaki.

Damina ta sauka ta wuce, sai ga lemo ya farfaɗo. Sabon ganye ya fito, kore shar, mai sheƙi. Kafin a jima ya yi fure, ƙamshi ya cika gidan har zaure, ƙudan zuma suka samu wajen zuwa. Talatu ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta ce, "Ka gani ko, Malam? Hayaniya ce ta dame shi, kamar ni." Malam Ɗalha ya dubi ganyen, ya dubi gindin duron, ya ce, "Haka ne." Malamin gona ne, ya san shiru ba ya ciyar da itace, amma bai so ya ɓata mata rai ba.

Ita da kanta ta gano. Rana ta juya, inuwar katanga ta fara rufe lemon, ta ce su matsar da shi gaba kaɗan. Suka kama, suka tura, duro ya ce bai san zance ba. Ta durƙusa ta tona gefensa da hannu. Tsatsa ta cinye gindin duron tun ba yau ba, saiwoyi sun bi ta ɓular sun nutse cikin ƙasar Alhaji Ɗantsoho, babbar cikinsu ta kai kaurin babban yatsa. Talatu ta zauna daɓas. Abin da ta hana shi shekara da shekaru, ya yi wa kansa ba da shawarar kowa ba.

Malam Ɗalha ya faɗa mata gaskiya. In an datse saiwar aka ɗora duron a kan bulo, an cika alkawari, amma tsohon itace ne, ya riga ya ɗanɗana ƙasa, da wuya ya tashi. In kuma sun yi shiru, ba mai sani sai ranar tashi. Talatu ta ce ba za ta ci amanar mutumin da ya roƙe su abu ɗaya tak ba. Ta ɗauko wuƙa ta durƙusa, ta ɗora ta a kan saiwar. Ƙananan lemo sun fara fitowa a reshen da ke saman kanta. Ta daɗe a haka, sannan ta mayar da wuƙar madafi ta ce a kira Alhaji.

Ya zo bayan la'asar. Ya sunkuya da ƙyar ya duba, fara'ar nan ta ɗauke. Malam Ɗalha ya ce, "Wallahi ba mu dasa ba, Alhaji. Shi ya dasa kansa."

"Haka wancan ma ya ce," in ji Alhaji Ɗantsoho. "Wai tsuntsu ne ya yar da ƙwallon tsamiyar. Ban ce kun yi ƙarya ba, Malam. Ku mutanen kirki ne. Amma ni zan mutu, ku ma za ku mutu, itacen ne zai rage da 'ya'yanmu. A sare saiwar."

Talatu na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta ja mayafi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in naka ne fa?"

"Kamar yaya?"

"A fasa duron. Ka tura masa ƙasa da hannunka, a kira liman ya shaida. Na ba ka shi."

Alhaji ya dube ta. "Aro ko kyauta?"

"Kyauta. Ni da 'ya'yana da jikokina, ko ganye ba mu da shi a jiki."

Malam Ɗalha ya matso ya rage murya. "Talatu, na Inna ne fa."

"Na sani, Malam. Gara ya rayu a hannun wani."

Washegari da hantsi mai walda ya zo ya tsaga duron gida biyu, aka janye ɓangarorin gefe. Aka tara ƙasa da taki kewaye da saiwar. Alhaji Ɗantsoho ya ba da sandarsa aka riƙe masa, ya durƙusa, ya yi bisimilla ya tura ƙasa da tafukansa biyu ya danna. Liman ya juya wajen Talatu ya tambaye ta, a gaban kowa, lemon nan na wane ne. Ta ce na Alhaji ne. Ya ce bai ji ba. Ta ɗaga murya ta sake faɗa, aka shafa fatiha.

Alhaji ya karkaɗe hannu, fara'arsa ta dawo. Ya tsaya yana kallon bishiyarsa, ya ce kai, Allah ya yi mata kyau. Har ya kai zaure sai ya juyo, don shi mutum ne mai alheri, ya ce, "Uwargida, in ya nuna ku riƙa tsinka kuna sa wa a kunu. Na yafe muku."

Talatu ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Mun gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Da gidan ya watse ta koma kusurwar gabas ta zauna. Ba ta taɓa ganin lemon a tsaye da ƙafarsa ba, sai ya yi mata kama da ɗan da ya girma a wani gari. Daɗi ya cika ta, baƙin ciki ma ya cika ta, ta kasa raba su. Iska ta taso daga wajen darbejiya ta kaɗa rassan. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska ta yi kukanta a hankali, don unguwar ba ta son hayaniya.