Rigar Ɗan Baba Tela

Faɗana da Baba Tela a kan yadi ne. Lokacin yaƙi, ina yarinya, kasuwa babu ko ƙyalle, sai uwata ta wanke buhun gari ta ce in kai masa ya ɗinka mini riga. Ina shiga shago na hango farin yadi sabo fil a ninke bisa kanta.

Na ce, "Baba, ni ce ta buhu? Wancan kuma na wane ɗan gata ne?"

Ya ce, "Na yayanki ne, in ya dawo."

"Wanda ya tafi yaƙi ai gwamnati ke masa sutura."

Ya jefe ni da abin awo. Na fita ina kiransa marowaci har duk layi ya ji.

Ɗansa yake nufi, shi ɗaya tal gare shi, uwar ta rasu tun wajen haihuwa. Ko gemu bai fara ba ya bi motar sojoji. Unguwa ta koma ta mata da tsofaffi. In jirgi ya yi ƙugi a sama mu shige ƙarƙashin gado, ba ka jin motsin kowa sai keken ɗinkin Baba Tela. Babana ma ya tafi, amma mu an zo mana da ta'aziyya, mun yi kukanmu mun share ido. Ɗan nasa kuwa ba gawa, ba labari.

Baba Tela ya ɗinka masa rigar da farin yadin nan, ya bar rara a ciki. Shekara na zagayowa sai ya farke ya ƙara tsawo, wai yaro yana girma. Yaƙi ya ƙare, na yi aure, na yi goyo na sauke, yana nan: yau ya saki wuya, gobe ya buɗa hammata. Masu kawo ɗinki suka gaji da jira suka watse.

Da idonsa ya tafi, ni ke kai masa abinci in sa masa zare a allura. Wata safiya na same shi kwance, numfashi sama-sama, rigar a ƙirjinsa duk ta zama ramin allura. Ya lalubo hannuna.

"Ke mai baki, ke dai ba kya ƙarya. Za ta shige shi kuwa?"

Na ɗaga ta na juya gaba da baya, kamar na san aikin.

Na ce, "Baba, yayana fa ya manyanta, yanzu har da tumbi. Gobe sai mu ƙara masa a ciki."