Firojet a Kan Kasuwar Kurmi

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba aka fara buɗe shagunan intanet a Kano. A lokacin ina koyar da tarihi a jami'a, gidana kuma yana cikin gari, kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. A bakin titinmu aka buɗe ɗaya. Kullum in zan fita sai in ga ɗalibaina sun yi cincirindo a ƙofar, har da waɗanda ban taɓa ganin ƙeyarsu a laburare ba. Shi laburaren ma ya koma wurin shan fanka da barcin rana.

A cikin waɗanda aka ba ni in duba firojet ɗinsu na shekarar ƙarshe akwai ɗan maƙwabcina. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi, a rumfar da ya gada. Ni na zaɓa wa yaron batun: tarihin cinikin fata a Kurmi. Na lissafa masa littattafan da zai karanta, na ce ya zauna da dattawan layin babansa ya yi musu tambayoyi. Ya ce to.

Ban sake ganinsa ba sai da ya shigo ofis da aikin a kammale, an buga shi tsaf, Turanci kamar na gidan rediyon waje. Wannan yaro ne da ba ya iya rubuta takardar neman uzuri ba tare da kuskure ba. Na ce ya zauna, na fara karantawa. A babi na biyu na iske inda marubucin ke ba da labarin zafin da ya doke shi da ya sauko daga jirgi a Kano. Gaba kaɗan kuma ya ce shi da mijinsa sun sayi jakar fata da araha. Wata Baturiya ce ta zo yawon buɗe ido ta rubuta abin da ta gani, shi kuma ya kwaso duka.

Na ce, "Yaushe aka ɗaura maka aure ban ji ba?"

"Aure, Malam?"

Na juya masa shafin, na sa yatsa a wurin. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. A nan na gane ranar ce ya fara karanta abin da ya sa wa sunansa.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Mai taifin ne bai lura ba. Sai a cire wurin."

"Littattafan da na ce fa?"

"Malam, ai duk abin da ke cikinsu yana intanet."

"Ka je Kurmi?"

Ya ce bai samu lokaci ba. Kasuwar da ake ciyar da shi daga cikinta, wadda ko a ƙafa zai je ya dawo kafin shayi ya huce.

Washegari bayan la'asar mahaifinsa ya yi sallama a zaurena. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa. Sai ya ce, "Malam, yaron nan ɗanka ne. Kuma ka san yanzu zamani ya wuce takarda. Na ga yadda yake sarrafa kwamfutar nan, abin sai wanda ya gani."

Na ce, "Alhaji, ya taɓa tambayarka daga ina fatarku take zuwa?"

Ya yi dariya. "Me zai yi da wannan? Ai shi ɗan boko ne."

Na ƙi sa hannu. Shugaban sashenmu bai yi gardama da ni ba, sai kawai ya mayar da yaron wurin wani malami. Aka cire mijin, aka cire jirgin, aka yi wa sauran bango mai ruwan zinare. Ya fita da sakamako mai kyau, aka yi walima a layinmu, har gida aka aiko mana da waina.

Bayan wasu shekaru intanet ya bar shago ya koma aljihu. Wata ɗaliba ta kawo mini aiki a kan Kurmi, ina fara karantawa na ji na san muryar. Ashe ta shiga ɗakin ajiyar firojet ne ta ɗauki hoton aikin ɗan maƙwabcin nan nawa da waya, shafi bayan shafi. Ta ma sa sunansa a jerin manazarta, a matsayin masani. Da na tambaye ta ko ta karanta kafin ta kwafa, sai ta ce ta ɗan duba sama-sama.