Barau da Motarsa Sai-Ta-Huta

Tsoro bai kama ni ba lokacin da aka ɗauko mahaifina daga bakin rijiya jina-jina, watakila don a lokacin hannuna yana da abin yi. Ya kama ni ne washegari da hantsi, mun fita daga Gumel ke nan kaɗan, sa'ad da injin motar Barau ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Motar ta gangara cikin yashi ta tsaya. Da ƙarar injin ta ɗauke sai na ji numfashin Baba a bayana, gajere gajere, kamar na wanda ya yi gudu.

Sa ne ya soke shi a cinya a Ɗanzomo, wurin shayar da shanu. Wanzami ya ɗaure, amma kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura ta soma canja launi. Malamin da ke ba da magani a Gumel ya kwance ya duba, ya mayar ya ɗaure, ya ce wannan sai likita a Kano, kuma kada a kwana. A shekarar ne layin dogo na jirgin ƙasa ya iso Gagarawa, can muka nufa. Jirgin masu aikin dogon zai koma Kano ran nan kafin la'asar, in ya tafi kuwa ba a san ranar da wani zai biyo ba. Mu huɗu ne a motar: Baba kwance a kan buhunan gyaɗa, yayarsa Goggo A'i tana riƙe da kansa, ni da Barau a gaba. Ranar ce aka tashi da azumi.

"Kwantar da hankalinka, Malam Manu," in ji Barau. "Halinta ne. A ba ta lokacinta."

Ina so in rubuta labarin mutumin nan tun abin yana sabo a raina, don in na bari na huce zan manta da rabinsa.

Barau Bamange ne, haifaffen Maigatari. Bai tashi da mota ba, don lokacin da ya tashi ba a san ta ba. Raƙuma ya bi tun yana saurayi, yana ɗauko kanwa daga ƙasar Damagaram ya kai Kano, ya komo da goro da turkudi, baƙin zanen nan mai shuni. Shekarar yunwa ta cinye masa raƙuman, ya koma dako a kasuwar gyaɗa. Can wani attajiri ya ga yadda yake ɗaure kaya, ba ya zamewa ko an bi gargada, ya sa shi bin motarsa. Yana da furfura a gemu ya koyi tuƙi, samarin direbobi suna masa dariya. Da attajirin ya sayi sababbin motoci sai ya bar wa Barau tsohuwar, wadda ba wanda yake so, ya ce ya riƙa kwaso gyaɗa daga ƙasar Gumel. Duk hutun da na zo daga makarantar Kano, a kan buhunansa nake zuwa, kuma da na gama karatu bana shi ya dawo da ni da akwatina.

Motar tana da ciwo guda, kuma ciwon ya sa 'yan kasuwar Maigatari suka raɗa mata suna Sai-Ta-Huta. Tana cikin tafiya lafiya sai ta yi tari ta mutu. Ba abin da zai tashe ta a lokacin. Sai a sauka, a zauna a inuwa, a yi hira, can a murza ƙarfen gaba da ake tayar da inji da shi, ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙi yi. Abin da kowa ya lura da shi, ba ta taɓa mutuwa in ana dosar gari, sai in an bar shi, har masu jakai suna cewa ƙiwa take yi irin ta amarya.

Barau bai ɗauki abin wasa ba, ko da yake shi ke fara dariya. Ya san wuta ce ke ɗaukewa, don fetur yana zuwa. Ya kankare fulogi har suka yi fari. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya ya naɗe duk inda ta goge da tsumma da danƙo. Ya rage kaya ya gani, ya ƙara ya gani. Ya kai ta wurin mai gyara a Kano, mutumin ya yi ta zagaya gari da ita ba ta ko yi tari ba, ya ce da Barau motar ƙalau take, sai dai a duba direban. Maganar nan ta tsaya masa a rai. Ya taɓa ce mini bai taɓa riƙon raƙumin da bai san abin da ke sa shi durƙusawa ba, sai wannan na ƙarfe.

To, ran nan muka zauna a gindin wata aduwa muka ba ta lokacinta. Na tashi na murza. Shiru. Muka ƙara jira. Na murza har kafaɗata ta yi zafi, injin ya yi atishawa ɗaya ya koma. Na dubi Barau, na ga ya daina murmushi.

Mangawa da mu Fulani abokan wasa ne, Goggo kuwa ba ta taɓa ganin Barau ta ƙyale shi ba. Amma yau wasan nata da kaifi.

"Kai bawanmu," ta ce daga kan buhuna, "ka ce hutu take yi. Wannan hutu ne ko takaba?"

"Baiwata, yi haƙuri. Ba ta saba wuce haka ba."

"Da ka bar mu da jakinmu da yanzu mun yi nisa."

"Jaki ba zai kai ku ba sai magariba. Jirgi kuwa ba ya jiran Bafillatana."

Baba bai ce uffan ba tun da muka tashi. Ko nishi ba ya yarda ya yi a gaban baƙo. Goggo ta yi ta fama da shi tun safe ya sha ruwa, ta ce majinyaci ne kuma matafiyi, ya kawar da kai. Mu ma duk muna riƙe da azumi, ba wanda yake so ya sha ranar farko.

Barau ya buɗe murfin injin ya bi duk abin da ya saba bi. Waya tana nan a ɗaure. Ya shigo ciki ya kunna, ya kara kunne a jikin akwatin wuta, wani akwatin katako da ke manne a allon gaba, daidai gwiwar mai zama. In lafiya yake yakan yi ƙugi kamar ƙudan zuma. Ƙugin yana nan, amma da wani ɗan tsat-tsat a ƙarƙashinsa, kuma wutar ba ta isa fulogi. Inuwar aduwa ta tattare ta koma gindinta. Na fara lissafa abin da zan gaya wa Inna, na kasa tsayar da tunanin.

Barau ya zauna a mazauninsa, ƙafa ɗaya a waje, yana magana kamar da kansa.

"Kullum takan tashi. Yau ta ƙi. Ita ba ta sauya ba, hanya ba ta sauya ba. To mu ne muka sauya. Me muka yi yau da ba mu saba ba?"

"Ka ɗauko mutanen kirki," in ji Goggo.

Ya yi 'yar dariya, hannunsa ya miƙa da kansa zuwa ga salka, jakar fatarsa ta ruwan sha. Salkar nan tun zamanin raƙuma take tare da shi. Ya buga mata ƙusa a gindin gilashin gaba inda iska ke bugunta ruwa ya yi sanyi, kuma ba ya barin gari sai ya cika ta a rijiya.

"Azumi, bawan Allah!" Goggo ta daka masa tsawa. "Ko Mangawa sai gobe?"

Ya janye hannun. Sai ya tsaya yana kallon tafinsa, ya jiƙe. Ya dubi salkar, tana nan tim, cike har wuya. Ya sa yatsa a wani tsohon ɗinki kusa da wuyan, ya bi danshin, ya bi shi ta kan igiya, ta bayan allo, har yatsan ya ɓace a bayan akwatin wuta. Ya zaro shi da laima.

"Malam Manu," ya ce a hankali, "in ta tsaya, me muke yi a inuwa?"

"Hira."

"Da me?"

Na buɗe baki, sai na gane. Ruwa muke sha. Kowa ya sha, a yi alwala, ruwan salka ya sauka ƙasa da ɗinkin, ta daina yoyo, rana ta busar da katako, mota ta tashi. A cikin Kano ba ya cika salka, don ruwa na ko'ina. In ana dosar gari kuwa an riga an shanye. Yau ne kaɗai ba wanda ya taɓa ta.

Barau ya yi wani ihu da ya tashi kurciyoyi daga kan aduwa. "Ke ce! Shekara da shekaru ina zargin waya, ashe 'yar gida ce!" Ya fizge salkar daga ƙusa ya miƙa wa Goggo. Ya kwance akwatin, ya zaro 'yan tubalan katakon da ke ciki ya jera mini a cinya. Bayan akwatin ya yi baƙi da danshi. Jiran rana ta busar da shi zai cinye mana lokaci, sai ya ce a kawo yashi, na tsakiyar hanya wanda ba a iya takawa. Goggo ta sauko da kanta, ta juye 'yan kayanta daga ƙwarya, ta riƙa ɗebowa. Ya binne katakon, in yashin ya huce ya zubar ta kawo wani.

Yana aiki yana magana da Baba. "Sajo, ka ji ko? Ruwan nan da ka ƙi sha shi ya tsayar da mu. Da ka sha tun safe da yanzu kana Gagarawa. Taurin kan Bafillace ya kashe mini mota."

A karo na farko Baba ya yi magana. "Salkarka ce ta tsufa, kamar mai ita."

Amma da Goggo ta kai masa bakin salkar ya juya fuskarsa ga buhu, yadda ba za mu gani ba, ya sha.

Barau ya hure yashin daga kowane lungu, ya mayar da tubalan, ya ɗaure. Ya kunna. Ƙugin ya fito tas, ba tsat-tsat. Na kama ƙarfen gaba na yi bisimilla na murza, injin ya kama tun ban kai ƙarshen murzawar ba. Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar daji, tsohuwar da ban taɓa jin ta ɗaga murya don murna ba.

Ban san tsohuwar motar nan tana da irin wannan gudu ba. Barau ya san inda yashi ke da zurfi, ya riƙa ratsewa ta gonakin da aka girbe, yana ba Baba haƙuri a kowace kunya da muka tsallake. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Mun hango hayaƙin jirgi tun daga nesa, muka iso ana haɗa taragai. Na diro na sami shugaban masu aikin, na yi masa bayani da Turancin da nake da shi. Ya leƙa ya ga ƙafar, ya ce a sa shi a taragon katako, mutum biyu su bi shi. Leburori suka taya mu ɗauka. Barau da kansa ya ɗaure buhuna biyu a gefen Baba da irin ɗaurinsa, don kada girgiza ta mirgina shi.

Muna zaune a taragon muna jiran a tashi, na ga ya koma wurin motarsa, wadda ya bari a kunne. Mutane sun taru, don duk wanda ke bin hanyar nan ya san Sai-Ta-Huta. Ya ce su matso su gani. Ya tsiyayi ruwa a tafinsa ya zuba a bayan akwatin wuta. Aka ɗan jima, injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu.

"Kun gani?" ya ce, yana buga murfin da tafi. "Ni na kashe ta! Da hannuna! In na ga dama in tashe ta!"

"Ka ga mahaukaci," in ji Goggo. "Yanzu da me zai koma gida?"

Jirgi ya ja, muka bar shi yana aika mutane ɗebo yashi, gemunsa yana rawa don dariya.

Muna Kano yanzu. Likita ya wanke ciwon ya yanke naman da ya lalace, ya ce mun kawo shi a kan gaɓa. Zazzaɓin bai sauka ba tukuna. Ya ce sai ya sauka zai iya faɗa ko za a bar wa Baba ƙafarsa. Har yanzu bai faɗa ba, muna jira.