Ranar da Kaka Ta Yi wa Baba Magana

Jiya jikata ta sayo mini mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi. Ina warware takardar ƙamshin ruwan rake da ya sha wuta ya bugi hancina, sai ga ni ƴar shekara tara a ƙauyenmu na bakin fadama, ina jin ƙugin injin matse rake da doki ke juyawa tun hantsi.

A lokacin Turawa ba su tafi ba, amma sun fara sakar wa ƴan ƙasa majalisar dokoki a Kaduna. Baba malamin elimantare ne, shi aka tura ya wakilci yankinmu, kuma manoman rake ne suka tsaya masa tsayin daka har ya samu kujerar. In zai tafi zama, zaurenmu kan cika maƙil. Wannan daga Kudan, wancan daga Saulawa, kowa da gaisuwar da ba ta ƙarewa, kowa da abin da yake so a faɗa wa Kaduna. Mu dai namu shi ne burodin da zai sayo mana a tashar jirgi ta Zariya.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa ce masa uffan ba, ita ce Kaka, uwar da ta haife shi. Ku yaran yanzu sai ku ɗauka gaba suke yi. Ina! Kunya ce. Baba ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce da aka auro daga ruga. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa. In tana son ya gyara danga, kaji take gaya wa: "Ku dai ku yi ta ficewa, mutumin gidan nan bai ga dangar ta faɗi ba." Kafin la'asar an gyara.

Wata shekara, lokacin saran rake, aka kawo shawara majalisa cewa a yarje wa manoma su rufe burtalin da ya ratsa fadamu, su ƙara gonaki. Burtali shi ne hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, kuma ta namu ne garken ƙannen Kaka ke sauka rafi duk rani. Manyan jam'iyya sun aiko cewa kowa ya goyi baya. Hakimi ma ya nuna can ya karkata. Manoman rake kuwa ba su ɓoye ba, shugabansu ya ce a zaure, "Malam, mu muka ɗora ka. In ka ƙi mu, mu za mu sauke ka." Baba ya kwana uku yana juya tuwo a akushi ba ya ci.

Da safen da zai tafi, ya zo ƙofar ɗakin Kaka ya durƙusa kamar kullum, ya yi sallama ga labule. Ina tsakar gida ina wanke-wanke. Wallahi sai na ga labulen ya ɗaga. Kaka ta fito, ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido. Inna, mahaifiyata, ta saki muciya.

"Kai," in ji Kaka. "A bakin burtalin nan na haife ka, gindin tsamiya, shanu na wucewa. In za ka ɗaga hannu a rufe shi, ka ɗaga na hagu. Na dama ni na koya masa cin tuwo."

Ta koma ɗaki ta saki labule. Baba ya daɗe a durƙushe, har direban motar da ke jiransa ya gaji da hon.

Da aka zo ƙuri'a bai ɗaga ko ɗaya ba, sai da aka nemi waɗanda ba su yarda ba ya miƙa na dama. Ba shi kaɗai ba ne, don haka aka jingine maganar, shanu suka ci gaba da sauka rafi har na yi aure. Manoman rake ma sun cika alkawari: da zaɓe ya zagayo suka sauke shi. Ya koma aji da allinsa, burodin Zariya ya yanke mana. Na ji haushin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Yau in na ji rediyo ana gardamar abin da ke sa ɗan majalisa ya jefa ƙuri'a nan ko can, wasu su ce jam'iyya, wasu su ce tsoron masu zaɓe, sai in ce duk gaskiya ne, na gan su a zaurenmu. Burtalin ya daɗe da zama gonar masara. Kunyar ma ta tafi, ni kaina da sunansa nake kiran ɗana na fari a waya, har in yi masa faɗa.

Bayan rasuwar Kaka na taɓa tambayar Baba ko yana da-na-sanin kujerar. Ya yi dariya har da share ido. Ya ce, "Ke ma dai. Shekara arba'in da biyu ina jiran uwata ta dube ni ta ce 'kai'. Wace kujera?"