Buhunan Gyada a Tashar Rilwanu

Rilwanu bai iya zama wuri ɗaya ba. Karatu ya kawo shi Alƙahira, karatun ya gagara. Ya yi tallan turare a Ataba, ya yi gadi a Mohandessin, ko'ina ya ɗan jima sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Wuri ɗaya ya taɓa son daɗewa: shagon Madam Eman a Dokki, inda ake ƙera ƙananan gidaje da kwali da katako. Gwaji ta ɗauke shi. In bai yi ba, sai komawa talla.

Wani tsohon likita yana da jirgin ƙasa na wasa mai zagaya tebur, ya ce a gina masa ƙauye a bakin layin, da sana'o'insa. Madam ta ba Rilwanu aikin.

A bayan tashar jirgin ƙasa ya tashi a garinsu, don haka bai tambayi kowa ba. Ya kafa rumfar awo, ya jera fatu a shanya, ya yi injin matsar mai da kwanonsa mai tsatsa. A tsaye yake aiki, ya manna nan, ya ɓalle can, ya leƙa titi, ya dawo. Da aka zo kan buhuna, ya ga ƙwayar gyada ce daidai girmansu. Ya ɓare, ya shafa fenti, ya tsiba su gefen layi.

Ranar da likitan zai zo, Madam ta ƙwala masa kira.

"Ya Rilwan! Su wa ka ɗauka aikin lodi?"

Kiyashi ne. Sun huda buhunan, sun yi jerin gwano a kan layin dogo, kowanne da guntun kayansa.

"Ma'alish, Madam, yi haƙuri. A garinmu gyada ce a ciki."

"Garinku ba a kan teburina yake ba. La'asar zai zo. Yalla!"

Ya kankare tsibin, ya goge layin da kananzir, ya kwaɓa gibs, farin garin shafe bango, ya shiga mulmula buhuna. Wasu suka fito kamar dankali.

Likitan ya zo fenti bai gama bushewa ba. Ya sunkuya, ya shinshina.

"Har warin tasha kuka sa?"

Da aka fita da teburin, Madam ta tura wa Rilwanu kujera da ƙafa.

"Gobe ka zo da wuri. Kuma ka dinga zama, kana sa ni jiri."