Ni da Tiyon Lawali Kafinta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Lawali kafinta na Magariya, Allah ya jiƙansa. Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin 'yan unguwa su riga ni. Ni Isuhu, da gemuna da furfurata, na yi shekaru ina tsaye a bayan mutumin nan hannuwana a ware kamar mai shanya tsumma, tiyo a dama, wayar wuta a hagu, na sakankance cewa ranar da na bari suka haɗu shagon zai tashi da wuta. Ban tsaya nan ba, har wa'azi na yi ta yi wa mutane a kan haka, a wurin mai shayi da wurin ɗaurin aure. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma jahilcin ne ya ci yaƙin, to amma wannan ba ta karatu ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Uwar Lawali da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Shi ya kama sassaƙa da zarto, ni na kama dillancin dabbobi, ina bin kasuwanni daga Guci zuwa Waca. Wata rana babur ɗin kabu-kabu ya zubar da ni a rairayin hanyar Waca, ƙafata ta karye, ta ɗoru amma ta ɗoru a gajarce. Dillalin da ba ya iya bin bijimi ya zagaya shi ya duba, sana'arsa ta ƙare. Sai na koma zaure na zauna. Ba na zuwa ko'ina sai masallaci, wanda ya zo gaishe ni kuma in ga kamar dariya ya zo yi. Na rame, na yi baƙin rai, 'ya'yana ma suka fara zagaye zauren ta ƙofar baya.

A wannan lokacin ne Lawali ya sayo injin. Tari ya daɗe yana damunsa, a likita aka ce masa garin katako ne ya cika masa ƙirji, ko ya bar aikin ko ya nemi abin da zai raba shi da ƙurar. Wani ɗan'uwanmu da ke Kano ya samo masa wata ganga mai ƙafafun taya, da dogon tiyo mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaron raƙumi. Ana maƙala bakin tiyon a jikin injin gugar katako ko zarton hannu mai wuta, duk garin da ya tashi sai gangar ta zuƙe. Muka sa mata suna Acici.

Wanda bai shiga shagon kafinta ba zai ce ai shi ke nan, an huta. Ina! Injin da ke hannun kafinta yana da wayarsa, ga kuma tiyo, su biyun suna jan ciki a ƙasa a bayansa duk inda ya nufa. Ya zagaya tabur, wato teburin aikinsa, sau ɗaya, waya ta nannaɗe tiyo. Ya miƙa hannu ya kai ƙarshen katako, gaɓar tiyon ta kama kusurwar tabur, bakin ya fizge, ƙura ta watsu masa a fuska. Mafi muni, wayar takan lallaɓo ta kwanta daidai inda zarto zai bi.

Ranar da ya zo zaurena bai ko zauna ba. Ya ce, "Kai gurgu, tashi. Na sayi abin da ya fi ƙarfin yarana, ina neman mai hankali. Na duba garin nan ban samu ba, sai dai in yi maleji da kai."

Na ce masa shi ɗan mace ne, a wasan taubasai bawana ne, kuma bawa ba ya aiken ubangidansa. Ya ce to in zo in ga yadda bawan zai ƙone, in ya so in gāji toka. Na bi shi don in yi masa dariya.

A can ya kafa mini doka. Tiyo a hannun dama, waya a hagu, in ɗaga su kar su taɓa ƙasa, in bi shi a baya taki ɗaya, kar in matsa kar in yi nisa. Abu mafi girma, kar waya da tiyo su kuskura su gogi juna, don a cewarsa tiyon yana tara wata wuta tasa ta daban, in ta gamu da ta waya sai dai a kira masu guga su kashe gobara. Na so in yi gardama, sai ga shi a ranar, da yake rani ne, na taɓa ƙarfen bakin tiyon ya ɗan tsunkule ni, tsit. Shi ke nan, gani ya kori ji. Daga ranar na zama malamin wannan fanni.

Haka muka yi ta yi. Shi a gaba a sunkuye, ni a baya ina ɗingishi, kamar mai jan awaki biyu da ba sa ga maciji. Na koyi abubuwa, kar a ce ban koya ba. Na san in zai juya hagu kafaɗarsa takan faɗa tukuna, sai in saki tiyo in tattara waya. Na san ba a zagaya tabur ta gefe ɗaya sau biyu, sai a dawo ta inda aka bi. In an ɗauke wuta, kafin a tada gurub, injin ba da wuta, mu zauna a kan katako mu ci goro mu zagi juna. Gadajen amare da ƙofofi da taburan lakwal, wato na 'yan makaranta, da suka fita daga shagon nan, duk nakan ce mu muka yi. Masu wucewa suna ce mini Sarkin Tiyo, ni kuwa ina amsawa da faɗin rai. Na yi ƙiba. Na koma zuwa suna da biki.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Yana yanka wani faffaɗan katako, sai na ga ya tafi luu ta gaba, zarto na ihu a hannunsa. Ban san lokacin da na fizge wayar daga bango ba. Ya faɗi a kan katakon, zarton ya mutu dab da cinyarsa. Da ya tashi sai ya hau ni da faɗa, wai gajeriyar ƙafata ce ta taɗe shi. Na rantse ban taɓa shi ba, ya rantse na taɓa. Na yi fushi na kwana biyu a gida, ya aiko mini da tsire, na koma.

Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar arba'in, ɗansa Sanusi ya buɗe shagon. Sanusi ya yi koyon sana'ar a Damagaram, yaro ne mai kunya, ba ya ɗaga mini ido. Na zo da sassafe na ɗauki tiyona da wayata na tsaya, don a ganina gādon da aka bar mini ke nan. Sai na ga ya yanka robar cikin tayar babur siri-siri, ya karɓi kayan daga hannuna da ladabi, ya shimfiɗa waya a jikin tiyo, ya bi yana ɗaure su tare, taƙi-taƙi, ya bar wa wayar ɗan sako-sako a wajen baki don kar ta ja. Na yi salati, na ce yaro za ka ƙone gumin ubanka. Ya ce in yi haƙuri in gani. Ya jingina tsani, ya hau, ya zura igiya a wasu ƙugiyoyi da ke jikin azarar rufin, ya rataye tiyon da wayar a sama, suka sauko daidai kan tabur kamar guga a bakin rijiya. Ya tada Acici. Ya zagaya tabur hagu, ya zagaya dama. Ba abin da ya kama wuta, sai fuskata.

Na ce, "Waɗannan ƙugiyoyin yaushe ka kafa su?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ba ni na kafa ba. Tun makon da aka kawo injin marigayi ya kafa su, ya yi aiki da su ma. Ranar da zai je wurinka ya sauke igiyar."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ni yaro tsani kawai ya hau ya ga abin da ya yi shekaru a saman hulata. Na ɗaga kai, ga su nan sun yi tsatsa, yanar gizo ta lulluɓe su. Na fita ban yi sallama ba. Wata guda ina gaba da Sanusi, alhali ba shi ya yi mini komai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne dalili. Da na matsa wa Sanusi, sai ya ce shi dai abin da ya fahimta, ubansa ya ga zaure zai kashe ni, kuma ya san in ya ce in zo in zauna a shago a ba ni abinci, sai na gwammace yunwa. Wato sadaka aka yi mini aka naɗe ta a tiyo. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai. Ni da nake cewa mu muka yi gado, ashe ƙugiya ce ni mai cin goro.

Na ɗauki wannan ciwon na kai wa Rabi, matar marigayin, don ita ba ta iya ɓoye magana. Tana tsince wake ta saurare ni har na gama, sannan ta ce yaron bai san komai ba. Ta ce tun kafin injin ya zo ɗan'uwana yana fama da jiri, yakan ɗauke masa gani farat ɗaya, ya taɓa faɗuwa shi kaɗai a shagon ya ɓoye wa 'ya'yansa, don kar su raba shi da zarto. Ta ce ya gaya mata yaran shago hankalinsu na waje, yana son wanda zai tsaya a bayansa taki ɗaya, idonsa a kansa, wayar wuta a hannunsa.

"Kai Malam Isuhu," in ji ta, "ranar da ya ce ka taɗe shi, ka taɗe shin?"

Na ce ban taɗe shi ba.

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Yau shekara bakwai ina jujjuya maganganun nan biyu, kuma ban san wadda zan kama ba. In na kwanta ta gefen dama sai in ga ta Sanusi ce gaskiya, don na san Lawali, zai iya shirya ƙaryar da ta fi wannan don ya fitar da ni daga zaure. In na juya hagu sai in ga ta Rabi ce, don na ga yadda ya tafi luu a ranar, ba faɗuwar wanda aka taɗe ba ce. Wani lokaci kuma sai in ce ko Rabi ma tausayina ta ji, ta ɗinka mini wannan don in samu abin rufe kunya, tun da gidan nasu sun iya. Wanda zai raba gardamar yana kwance a maƙabarta, kuma na tabbata ko da zai tashi ba zai faɗa mini a miƙe ba. Cewa zai yi gurgu ya cika tambaya.

Nakan yi tunanin abin da zai ce in ya leƙo shagon yau. Sanusi ya sa faifan hasken rana a kan rufi, ba a jiran gurub. Ya sayo wani injin guga mai batir, ba shi da waya sam, sai tiyo kaɗai ke binsa. Da Lawali ya ga wannan, ina jin tsaki zai yi, don an rage masa rabin ƙaryarsa, sai ya nemo wata. Wataƙila ya ce batir ba ya son kaɗaici. Kuma wallahi da zan yarda.

Ƙofofin da ya yi suna nan a gidajen Magariya, ana buɗe su ana rufewa ba a tuna wanda ya yi su, haka aikin kafinta yake. Acici ma tana nan, an canza mata tiyo. Abin da ya bari wanda ba a gani shi ne ni. Ko don ya cece ni ya yi, ko don in cece shi, mutumin da ya shiga zaure yana jiran mutuwa ya fito, ya ga auren jikokinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan na sani, wanda ban sani ba shi ne ni hannun ne ko jinkar. Allah ya gafarta masa ƙaryar nan, ya sa ta a mizanin alheri, ya haskaka kabarinsa.

Har yanzu kullum da safe nakan je shagon. Akwai wani kututture a gindin tabur, nan nake zama, tiyo da wayar zarto suna lilo a saman kaina, a ɗaure da juna lafiya lau. Abin kunyar shi ne, da an tada injin sai hannuwana su ɗaga da kansu, dama da hagu, sai na tuna in mayar da su cikin riga. Wata safiya, kwanan nan, Sanusi ya gan ni. Ya kashe injin, ya tsaya yana kakkaɓe garin katako daga hannunsa, bai dube ni ba, kamar yadda ubansa ba ya duban mutum in zai yi masa alheri.

Ya ce, "Baba, igiyar nan ba ta da ƙwari fa, ni ban yarda da ita ba. In za ka iya riƙe mini, sai in sauke ta."