Ƙullin Tsumma a Jikin Farfela

Shekaranjiya na kai motata gareji, warin baƙin mai da kalanzir ya tare ni tun daga bakin hanya, sai ga ni ina tuna kakana na wajen uwa. Bakanike ne a Ƙauran Namoda, rumfarsa tana jikin katangar gidanmu. Ni ce ke kai masa fura da hantsi, shi kuma yana tsokanata wai amaryarsa ba ta iya damu ba, amma bai taɓa rage ko ludayi ba.

Ƙananan motocin nan na da, masu jan ƙafar baya, su ne abokansa. In ka zube masa tarkacen injin a kan buhu, zai ɗaga fistan ya shafa kansa da babban yatsa, ya gaya maka motar da aka ciro shi. Mutane na cewa gwaninta ce. Gwanintar ce kuwa, sai dai ni na san wani abu ƙari. Na sha ganin hannunsa yana lalubar ƙwaryar fura alhali tana gabansa. Idonsa tafiya yake yi, yana kuma ɓoyewa, don ya san ba mai ba makaho injinsa. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata.

Kawuna, ɗansa na fari, yana da irin motar, da ita yake jigilar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi da ƙauyukan Zurmi. Wata damina Kaka ya sauke masa injin ya gyara. A makon nan kuma aksil na baya ya karye, wato ƙarfen nan mai tukunya a tsakiya da ke juya tayoyi. Kawu ya sayo na gwanjo ya ba yaran tasha suka ɗaura, don a ido ba shi da maraba da tsohon. Tun daga nan mota ta lalace da ragwanci. A kwalta ta yi ta tsere, amma da ta shiga yashin hanyar Gurbin Ɓore da kaya, sai fasinja sun sauka sun tura.

Maganar ta zaga tasha cewa tsoho ya daina gani, ya ɓata injin. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a bakin Kawu Kaka ya ji ta. Kawu ya zo rumfa da direbobi uku, ya tsuguna ya gaishe shi, yana ta sosa ƙeya.

"Baba, ko mu kai ta Gusau a sake duba injin?"

"Ba injin na ba," in ji Kaka. "Ku ɗaga min ƙahwa guda ta baya."

Aka sa jak. Kowa a wurin ya san yadda ake wannan gwaji. A kan ja layin alli a taya, a ja wani a farfela, doguwar sandar da ke kawo juyi daga injin zuwa baya, sannan a juya taya sau biyu ana kallon sau nawa layin farfela ya zagayo. Wani direba ya miƙa wa Kaka alli. Ya riƙe shi ya jima, yana murza shi tsakanin yatsu. Ni kaɗai na san abin da yake aunawa: ko ya ja layin, ba zai gan shi ba.

Ya ajiye allin. Ya yagi tsumman da yake goge hannu, ya kwanta ƙarƙashin mota, ya ƙulla shi a farfela, ya ɗora tafinsa inda ƙullin zai riƙa taɓa shi. Kawu ya juya taya a hankali, Kaka yana ƙirgawa a fili. A uku da rabi ya tsaya.

"Naka na da, huɗu yaka yi da ɗan ɗori. Wanga na kwalta na, gudu yaka so, ba kaya ba. Haƙoran ciki ba ɗaya ba na."

Aka kwance tukunyar tsohon aksil da ta sabon aka ƙirga haƙora, magana ta zama tasa. Amma ba wanda ya yi murna, don duk sun ga abin da tsumman nan ya faɗa. Kaka ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce, "Batun ido kau, ba ku yi ƙarya ba." Kawu ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har direbobin suka watse. Daga wannan damina motoci suka fara raguwa a rumfar, kafin shekara ta zagayo awaki ne ke kwana a ciki.

Yanzu bakanikena waya yake jonawa a mota ta gaya masa ciwonta, kuma ba na raina masa, aikinsa na kyau. Shekaranjiyar na tambaye shi ko ya san gwajin alli. Ya ce ya sani, har ma ubangidansa ɗan Ƙaura ya koya masa yi da tsumma, wai ya fi alli tabbas. Na ce ko ya san wanda ya fara. Ya ce a'a, haka dai suka taras ana yi. Na buɗe baki zan gaya masa, sai kuma na ce ya duba mini iskar taya.